Awon Injin Sai-Sabo

Sunan ya bi shi ne tun yana da gareji. In ka kawo masa mota sai ya zagaya ta, hannuwa a baya, ya sa a tayar ya saurara, ya kwance abin da zai kwance, sannan ya ɗaga ƙarfen sama ya juya shi a haske ya ce, "Wannan sai sabo." Ba ya lallashi, kuma ba ya cewa a lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Masu motoci suna jin haushinsa, amma suna dawowa, don abin da ya ɗaura ba ya kwancewa a hanya. Da haka ya zama Sai-Sabo, har wasu daga cikin jikokinsa ba su san yana da wani suna ba.

Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya bar garejin, ya dawo gida da akwatunan kayan aiki da motarsa, wata tsohuwa ruwan toka mai ƙofa huɗu, wadda ya saya tun kafin a haifi autarsu. Matarsa tela ce, kowa a unguwa Inna Tela yake ce mata. Ɗakin ɗinkinta yana kusa da ƙofar gida, tagarsa kuma tana kallon rumfar kwanon da motar take kwana a ciki. Saboda haka duk abin da motar nan za ta yi, a kan idonta take yi.

Abin da ta daɗe tana yi kuwa shi ne hayaƙi da shan ruwa. Da safe in ya tayar da ita sai farin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, Inna Tela ta fito da sauri ta kwashe shanya. In ta ɗumama sai hayaƙin ya koma shuɗi. Ruwa kuma, a zuba mata da safe, kafin yamma ta shanye. Kullum akwai jarkoki a but. Inna Tela ta ce da mutum ce da tuni ta ce a kai ta a auna mata suga. Shi kuwa ya ce zafin gari ne, kowa ma shan ruwa yake yi.

Ranar da abin ya kai maƙura, ya ɗauki Inna Tela ne za ta sayo yadi da zare. A babbar mahaɗar da ke gaban kasuwa, daidai lokacin da aka ba su hannu, motar ta yi tari ta mutu, tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet. Na baya suka yi ta danna hon. Wani mai tasi ya ratse ta gefe, ya leƙo, ya gane shi, ya ce cikin ladabi, "Baba, wannan ai sai sabo." Sai-Sabo bai ko kalle shi ba. Inna Tela kuwa ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa, ta ce tururin ne ya shaƙe ta.

Autar tasu malamar makaranta ce, takan leƙo su ƙarshen mako. Da ta ji labari ta zauna gaban mahaifinta tana lallaɓa shi. Ta ce motar ta yi iyakar ƙoƙarinta, a kira masu sayen tsohon ƙarfe, in yana son zuwa wani wuri ita ko mijinta za su zo su kai shi. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce a gidansa ba a yanke wa injin hukunci sai an buɗe shi an auna. Zai sauke shi ya duba komai ɗaya bayan ɗaya, abin da awo ya nuna shi za a yi. In awo ya ce a jefar, shi da bakinsa zai ce a kira masu ƙarfen. Auta ta dubi uwarta tana neman ɗauki, uwar ta ci gaba da lasar bakin zare tana neman kafar allura.

Sauke injin ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai ya aika aka kira ƙanensa da ke zaune a layin baya. Ƙanen tsohon direban bas ne, shi ma ya ajiye aiki, kuma Direba kawai ake ce masa. Lokaci ɗaya suka sayi motocinsu, iri ɗaya, sai dai ta Direba ja ce. Tun ranar suke gardamar wadda ta fi. Gardamar ba ta mutu ba ko bayan da wata babbar mota ta murƙushe bayan jar tana ajiye a bakin titi, aka ja ta zuwa bayan gidan Direba, kajin matarsa suka mayar da ita ɗakin kwana. Direba yakan ce tasa ta tafi da ƙuruciyarta da mutuncinta. Sai-Sabo yakan ce tasa dai har yanzu mutane take ɗauka.

Suka rataya sarƙa a ƙarfen rumfa suka ɗaga injin suna nishi, kowa yana cewa ɗayan ne ba ya ja. Suka dire shi kan wani tsohon tebur. Daga nan gidan ya sauya kama. Bahon wankin Inna Tela ya cika da kananzir da notuna. Tiren da take kai wa baƙi ruwa ya koma wurin jera ƙananan ƙarafa. Ta ba shi buhu guda na ƙyallaye don goge hannu, duk da haka ya faki idonta tana kicin ya shiga ɗakin ya ɗauko wani mai laushi daga kan keken ɗinki, ashe hannun rigar matar mai kantin magani ne. Sai da ta yanko wani hannun daga ragowar yadin, ta kuma ce masa in matar ta lura ɗaya ya fi ɗaya gajarta, rumfa za ta turo ta.

Da suka kwance kaskon mai, abin da ya zubo ba baƙi ba ne, kalar shayi mai madara ne. Direba ya tsoma yatsa ya duba, ya tambaya ko a aika a sayo burodi. Sai-Sabo ya ce raɓa ce ta shiga. Daga nan suka ɗaga kan injin, wato babban murfin ƙarfen da bawul suke zaune a ciki, sai fistin huɗu suka bayyana a ramukansu. Uku baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ɗaya kuwa, na kusa da ƙarshe, fes da shi kamar an wanke da sabulu. Inna Tela da ta kawo musu ruwa ta yaba, ta ce ashe akwai mai tsafta a cikinsu. Direba ya buɗe baki zai yi magana, yayansa ya riga shi da cewa ya miƙo masa sufana. Sannan Sai-Sabo ya ɗauki gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya yi ta juya shi gaba da baya kamar mai neman wani abu da ya ɓace. Bai samu ba. Ya ɗauki kan injin ya kai lungu ya rufe da buhu, ya ce wannan sai daga baya.

Direba kuwa buri ɗaya ya kawo shi kullum da safe, ban da shayin matar yayansa. So yake ya ji yayan ya faɗi kalmar nan a kan motarsa. Duk abin da aka ciro sai ya ɗaga shi sama a haske, ya juya shi yadda yayan yake yi, ya ce, "Yaya, wannan fa sai me?" Ringin fistin suka fito sun sirance, ɗaya ma a karye, Sai-Sabo ya ce sai an duba. Metal ɗin da kiranshaf, wato sandar da fistin suke juyawa, yake kwance a kai ya cinye har jan ƙarfen ciki ya bayyana, ya ce ya yi hidima, za a hutar da shi. Bawul biyu sun ƙone a baki, ya ce za a nema musu mataimaka. Direba ya ce wa Inna Tela shi bai taɓa sanin mijinta yana da kalmomi da yawa haka ba.

Da aka wanke komai aka jera, sai awo. Sai-Sabo ya ciro ma'aunansa daga ƙasan akwati, naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Akwai mai fuska kamar agogo da doguwar ƙafa wanda ake zurawa cikin ramin silinda, akwai mai baki kamar na ƙaguwa don auna kaurin ƙarfe, da wasu siraran ƙarafa kamar ganye na auna rata. Ya zura na farkon, ya sunkuya, ya ja da baya, ya karkata kai zuwa haske. Ta taga Inna Tela tana kallonsa. Ya goge gilashin da gefen riga, ya sake dubawa, ya ce wa Direba lambobin sun koɗe. Direba ya leƙa, shi ma ya ja da baya yana ƙanƙance ido, ya ce ƙwarai kuwa sun koɗe. Wannan ne abu na farko da suka yarda a kai tun da aka fara aikin.

Can sai ta ji ya kira ta. Ya ce ta zo ya nuna mata wani abu, don ya kamata matar makaniki ta iya karanta ma'auni. Duk tsawon auren nan bai taɓa ganin ya kamata ba sai yau. Ta gyara tabaronta, ta leƙa, ta faɗa masa inda allurar ta tsaya. Ya ce daidai ne, da ma gwada ta yake yi.

Ba ta daɗe ba ta gane kan abin. Kowane rami ana auna shi sama da tsakiya da ƙasa, sannan a juya ma'aunin a sake a gicciye, don a ga ko ya buɗe ta sama, ko ya daina zama da'ira ya koma kamar ƙwai. Ta ce ashe dai ƙirji da ƙugu da kwankwaso ne. Ta ɗauko allin ɗinki tana rubuta lambobin a bangon rumfa. Ya nuna mata wani ɗan tudu da ke bakin kowane rami, wanda farce yake ji in an shafa, ya ce ƙarƙashinsa ne ƙarfe ya fi cinyewa, don nan ringi yake juyawa ya koma.

A rami na biyu ta fara lura da hannunsa. In ya zura ma'aunin daidai ƙarƙashin tudun, allurar ta yi nisa, sai ya ɗan ƙara zura shi ƙasa har ta dawo baya, sannan ya ce ta karanta yanzu. Ta bar shi ya yi haka a rami na uku ma. Sai ta ajiye allin.

"Malam, tsuke mata ciki kake yi."

Ya ce bai gane ba.

"Haka matan nan suke min. Ina ɗauko tef sai su tsuke ciki su daina numfashi. In riga ta fito ta matse su, su ce tela ce ba ta iya ba. Ni yanzu hira nake jan mace da ita har ta manta ta saki, sannan in auna. Kawo abin nan."

Direba ya yi dariya har ya dafa tebur. Sai-Sabo ya ce hannunsa ne ya zame saboda maiƙo, amma ya miƙa mata. Ta goge abin da ta rubuta, aka sake daga farko, ita tana riƙewa tana karantawa, shi yana faɗin abin da lambar take nufi, don waɗannan lambobin a ka ya haddace su, ba ya buƙatar ido. Sakamakon bai yi muni kamar yadda yake tsoro ba. Ramukan sun buɗe, biyu sun fara zama ƙwai, amma ba su wuce gyara ba. Za a kai wa mai injin gogewa ya daidaita su, a sa fistin masu ɗan girma. Kiranshaf kuma ita ce ta gano masa wani karce da farcenta, a inda nasa farcen ya wuce bai ji ba, ko ya ce bai ji ba. Shi ma gogewa za ta ɗauke shi. Ranar Sai-Sabo ya yini yana fito, ya kuma ce wa Direba ya je ya gaya wa kajinsa.

Kan injin dai yana lungu ƙarƙashin buhu. Da Sai-Sabo ya shiga wanka, Inna Tela ta tsare Direba a bakin ƙofa ta tambaye shi labarin fistin nan mai tsafta. Ya yi ta kame-kame, ta ce in bai faɗa ba ya sha shayinsa na ƙarshe a gidan nan. Sai ya rage murya ya ce ba tsafta ba ce, ruwa ne yake shiga ramin, tururinsa yake wanke shi. Da gasket ne ya ƙone da abin ya zo da sauƙi, amma gasket lafiyarsa ƙalau, saboda haka ruwan wata hanya ya samu. Ya ce Yaya ya sani tun ranar da aka buɗe.

Ita ba ƙin motar take yi ba. Tun da aka sauke injin nan mijinta yake cinye abincinsa, ya daina zama a ƙofar ɗakin ɗinki yana gaya mata kekenta yana buƙatar mai. Ta san kuma in ya rufe injin a kan abin da bai duba ba, ko motar ta tashi ba zai ji daɗinta ba. Ta tuna wani abu da ta taɓa ganin yana yi a gareji tun suna da ƙuruciya, lokacin da take kai masa abincin rana. Ta ɗauki guntayen allinta ta daka su a ƙaramin turmi, ta zuba garin a ɗan faranti ta ajiye kusa da keke.

Washegari da hantsi ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ya yi maganar zafi, ya yi maganar wutar lantarki. Sannan ya tambaya ko tana da wani alli da ba ta buƙata. Ta miƙa masa farantin ba tare da ta tsayar da keke ba. Ya dubi garin, ya dube ta, ya ce ta taho da tabaronta.

Suka ɗora kan injin a tebur suka kifa shi. Sai-Sabo ya wanke shi tas, ya jiƙa shi da kananzir ya bar shi ya sha, ya goge har ya bushe, sannan ya barbaɗa garin allin ko'ina ya yi fari fat. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya ɗan ƙwanƙwasa gefe da gefe. Ya yi wa Inna Tela bayani yana kallon wani wuri, ya ce in akwai tsaga kananzir ya shige cikinta, yanzu zai fito ya jiƙa allin. Su ukun suka sunkuya suna jira.

"Tela, me kika gani?"

Ta daɗe tana kallo kafin ta amsa. "Akwai layi. Siriri kamar zare, daga wannan ramin bawul zuwa wancan."

Ya ce ƙila gashi ne ya faɗa. Ta hura, layin bai motsa ba, sai ma ƙara duhu da ya yi. Ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. Ya bi shi da farce a hankali daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Direba bai ɗaga komai a haske ba, bai kuma yi tambayar da ya saba ba. Sai-Sabo ya goge yatsan a riga.

"Wannan sai sabo," ya ce.

Babu wanda ya yi dariya. Dukansu sun san an daɗe da daina kawo sabon irin wannan, kuma walda ba ta riƙe wurin da wuta take ci kullum. Direba ya tsaya jim, ya ce yana jin kamar matarsa tana kiransa, ya fita, alhali tsakanin gidajen biyu ko da lasifika ba za a ji ba. Da yamma Sai-Sabo ya ɗan taɓa abinci ya ture, ya ce wa Inna Tela ta kira Auta ta nemo masu ƙarfen, tunda shi ya ce abin da awo ya nuna za a yi. Ta ce wayarta ba caji.

Da safe suka ji kukan baro a ƙofar gida. Direba ne, hularsa da gashin kaza, bayan hannunsa duk ƙurjewa, ga wani ɗan jini a kunne inda kaza mai kwanci ta sare shi. A cikin baron akwai abu naɗe da buhu. Ya ce kada kowa ya ɗauka wani abu ne, ya kawo ne kawai don Yaya ya ga yadda kan injin motar kirki yake, in ya gama kallo zai mayar.

Sai-Sabo ya buɗe buhun ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ƙarfen da ya yi shekaru ƙarƙashin kaji ba a yarda da shi da ido, sai an auna. Aka wanke. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa don a ga ko ya lanƙwashe, ya ɗauki ganyen awo yana neman rata. Ganyen ya ƙi shiga. Ya sauya wuri, ya ƙi. Sai Inna Tela ta ga yana ɗan ɗaga gefen ƙarfen da ƙaramin yatsa yana tura ganyen da ƙarfi. Ta ce masa waccan ya tsuke mata ciki, wannan kuma so yake ya turo masa tumbi, ya cire yatsan. Ya cire. Aka yi na kananzir da alli, allin ya zauna fari. Ya ce bai sha kananzir sosai ba, aka sake. Ya kuma sakewa, har ta ce masa in ya ƙarar mata da alli da gawayi za ta riƙa zana rigunan mutane.

Daga ƙarshe ya miƙe yana dafe da baya, ya ce ba laifi, za a lallaɓa da shi. Direba ya juya ga matar yayansa ya ce ta zama shaida, tun da aka haife shi yau ne Yaya ya yabi wani abu nasa. Amma ya ce yana da sharaɗi, shi zai fara tuƙawa ranar da aka gama. Sai-Sabo ya ce ko a mafarki. Aka yi ta ja har shayi ya huce, sannan Inna Tela ta raba musu, ta ce babba ya kai, ƙarami ya dawo da su.

Haɗawar ta ɗauki lokaci, don sai da aka jira mai injin gogewa, aka kuma yi yawon neman fistin da ringi. Inna Tela ce ta auna ratar kowane ringi kafin a sa shi, har wasu masu ɗinki suka fara ƙorafin kayansu suna ƙanshin gareji. Ranar da aka tayar, injin ya yi gurnani ya kama, ya zauna lafiya lau. Suka zagaya baya su uku suna kallon bututun hayaƙi, babu abin da yake fitowa sai ɗumi. Direba ya kara kunne ya ce wannan muryar jar motarsa ce, ko cikin barci ya ji zai gane ta. Sai-Sabo ya ce murya daga ƙirji take fitowa, ba daga hula ba.

Suka fita da yamma, Inna Tela a baya da sabon mayafi. Sai-Sabo ya tuƙa a hankali don injin ya saba, har masu keke suna wuce su. Suka kai ƙarshen gari inda gidaje suka fara ƙaranci, suka juya, 'yan'uwan suka sauya wuri. Direba ya gyara madubi, ya gyara kujera, ya gyara hula. Ba su yi nisa ba motar ta yi tari, ta ja, ta sake tari, ta mutu. Ta gangara a hankali ta tsaya a gefen titi.

Sannan Sai-Sabo ya ce da ma ya faɗa, kan da ya kwana da kaji. Direba ya ce kansa lafiya ya kawo shi, gangar jikin ce ta tsufa. Suka fita suka buɗe bonet. Babu tururi, babu yoyo, ruwa yana nan yadda aka zuba, mai kuma garau. Suka taɓa wannan suka ja wancan. Inna Tela ta sauke gilashi ta leƙo, ta tambaya ko tun ranar kasuwa akwai wanda ya zuba mata fetur. Direba ya ce allura tana nuna rabin tanki. Sai-Sabo ya dubi ƙasa, ya ce wannan allurar tun auren Auta take nuna rabin tanki.

Gidan mai yana can gaba, ana hango rufinsa. Sai maganar turi ta taso. Direba ya ce shi ne a sitiyari bisa yarjejeniya, kuma bayansa yana ciwo. Sai-Sabo ya ce bai ga ranar da zai tura ƙanensa yana zaune kamar mai gida ba. Direba ya ce to shi ma ba zai tura shi kaɗai ba. Sai su biyun suka juya suka dubi kujerar baya.

Inna Tela ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ta fito, ta naɗe mayafinta a ƙugu, ta shiga ta zauna. Mijinta ya nuna mata birki ta taga, ya ce kada ta taɓa komai ban da shi, kada kuma ta taɓa shi sai ya ce. Suka koma baya suka dafa but. Motar ta motsa. Da farko ta nufi kwata, suka yi ta faɗin hagu da dama a lokaci guda, ta daina sauraronsu ta dubi hanya, motar ta miƙe. Tana jin su ta baya suna haki, kowa yana cewa ɗayan jingina kawai ya yi. Titin ya ɗan gangara, motar ta ƙara sauri ta bar su, iska ta shigo ta taga. Ta karya kan motar ta shiga gidan man, ta taka birki, ta tsaya kusa da famfo, ta ɗan wuce shi kaɗan.

Mai zuba man ya zo ya gaishe ta, ya shafa rufin motar ya ce ya daɗe bai ga irinta da rai ba. Ta ce ya cika, masu motar suna tafe. Da suka iso, kowa dafe da gwiwa, Sai-Sabo ya buɗe ƙofar direba yana jira ta fito. Ba ta motsa ba. Ta ce su shiga baya su zauna numfashinsu ya dawo tukuna, kafin nan wani a cikinsu ya gaya mata aikin waɗannan abubuwan takawa biyun da ke kusa da birki.